Daga Windows 10 zuwa 11, ta ƙofar shagon aski

A jikin kwalin akwai wata 'yar takarda da aka manna, an rubuta da Turanci cewa kwamfutar ta zo da Windows 10, amma mai ita zai samu Windows 11 kyauta idan lokaci ya yi. Kalmar "kyauta" kaɗai idona ya tsinta. Ragowar, wato "idan lokaci ya yi", ban yi mata karatun ta-natsu ba sai daga baya.

Ƙarshen watan Nuwamba na 2021 ne, hunturu ya fara leƙowa Kano. Sana'ata buga wa ɗalibai kundin kammala digiri da fassarar takardu daga Turanci zuwa Hausa, saboda haka kwamfuta a wurina ita ce fartanya. Tsohuwar da nake da ita 'yar Beljiyam ce, a hannu na saye ta. Ta yi mini bauta shekara shida, har fankarta ta koma kuka kamar injin markaɗe, batirinta kuwa ko minti biyar ba ya riƙewa. Adashi na ɗauka, na cika da ɗan abin da na tara, na sayi sabuwa dal. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na farke ledar kwamfuta da hannuna.

Tun a shagon yaron mai shago ya yi mini tayi. "Alhaji, ka bar ta nan zuwa la'asar in ɗora maka Windows 11 daga filash, da duk manhajar da kake so." Ni ba Alhaji ba ne, amma duk wanda ya ƙirga kuɗin sabuwar kwamfuta a kasuwa ya zama Alhaji na wannan yinin. Na koma gefe na kira ƙanena, wanda ya karanci kimiyyar kwamfuta.

"Yaya, kada ka bari a taɓa ta," in ji shi. Ya ce lasisin Windows na asali yana dashe a cikin na'urar tun daga kamfani. In aka goge ta aka ɗora wata daga filash ɗin da ban san asalinsa ba, ƙila a haɗo ni da wadda aka yi wa kutse, ƙila kuma a share ƙananan manhajojin da ke sa sifika da kyamara da madannai su yi aiki yadda ya kamata. "Za ta zo maka har gida da ƙafarta. Haƙuri kawai za ka yi."

Na rungumi kwalina na hau Adaidaita Sahu.

Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne ba a rana ɗaya ake raba wa kowa ba. Microsoft ta sanar da Windows 11 ranar 24 ga Yuni, 2021, ta sake ta ranar 5 ga Oktoba, amma rabon bi da bi aka yi shi, aka fara da sababbin na'urori, aka ce ragowar za su samu daga nan zuwa tsakiyar 2022. Kuma ba kowace kwamfuta ce ke cikin layin ba. Ƙanena ya turo mini sunan wata 'yar manhaja, PC Health Check, ya ce in gwada. Na gwada a sabuwar, ta ce ta cancanta. Don neman magana na gwada a tsohuwar ma, ta ce ina, ba da ita ba. Sharuɗɗan da ake nema su ne RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, giga 4, ma'aji giga 64, da wani mai gadin cikin na'ura da ake kira TPM 2.0, wanda ke ajiye makullan sirri, sai kuma furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ɗan zamani. A na Intel, daga ƙarni na takwas zuwa sama. Na tsohuwata ƙarni na huɗu ne. Na dube ta a kan tebur, sai ta ba ni tausayi, kamar uwargidan da aka yi wa amarya aka kuma hana ta kayan faɗar kishiya.

Daga nan na shiga jira. Kullum da safe, kafin in fara aiki, sai na buɗe Settings, na shiga Windows Update, na tarar da saƙo iri ɗaya a gefe: wannan kwamfuta za ta iya ɗaukar Windows 11, amma lokacin da za a ba ta yana iya bambanta. Na yi mako guda, na yi biyu, na shiga na uku. Har na fara zargin takardar jikin kwali dabarar talla ce.

Ranar wata Juma'a ƙanena ya biyo bayan an sauko daga masallaci. Ya zauna a bakin tabarma, ya ɗora kwamfutar a cinya, bai yi minti biyu ba ya tuntsire da dariya.

"Yaya, kai ka rufe ƙofa ka sa sakata, ka zauna kana jiran baƙo."

Gaskiyarsa. Daren farko da na haɗa ta da intanet ɗin wayata, kafin in ankara ta zuƙe mini datar mako guda kamar raƙumi ya samu ruwa. Cikin fushi na yi abu biyu. Na dakatar da sabuntawa har iyakar da ake bari, kwana 35, na kuma kunna wani maɓalli da ke gaya wa Windows cewa wannan layin a ƙirge datarsa take, kada ta sauke komai sai da izini. Ina ganin rubutun "an dakatar" kullum a saman shafin, amma a tunanina ƙananan sabuntawa daban, babbar kyauta daban. Ashe hanyarsu ɗaya. Kafin a miƙa wa kwamfuta Windows 11 ta wannan hanya, dole ta kasance a kan Windows 10 samfuri mai lamba 2004 (lamba ce, ba shekara ba) ko wanda ya biyo bayansa, kuma ta riga ta karɓi sabuntawar tsaro ta 14 ga Satumba, 2021 ko wadda ta zo bayanta. Tawa kuwa tun kafin Satumba aka rufe ta a kwali. Sabuwa ce a ido, amma a ciki bashin watanni ne a kanta. Mako uku ina kwana a kan dami kamar kaza.

A nan na gane cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Ba za a karɓi ko kobo a hannuna ba, amma akwai data, akwai wuta, akwai barci, kuma duk ni zan biya.

Na sayi datar dare, irin wadda ke fara aiki da tsakar dare ta ƙare kafin gari ya waye, don ita ce daidai aljihuna. Daren farko ya tafi a biyan bashin Windows 10. Ta sauke, ta kashe kanta, ta tashi, ta nemi wasu, ta sake saukewa. Ba wani abin labari a ciki. Bayan kwana biyu, da safe ina shan koko, na buɗe shafin kamar yadda na saba, sai ga wani shuɗin akwati ya shimfiɗe a sama: Windows 11 ta shirya, kuma kyauta ce. Maɓalli ɗaya na cewa a sauke a ɗora, ɗaya na cewa a ci gaba da zama a kan Windows 10 tukuna. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Hannuna har ya kai kan linzami, sai na tuna gargaɗin ƙanena: kada in danna sai na kwashe kayana. A ƙa'ida irin wannan ɗori ba ya taɓa fayil ko manhajar mutum, komai yana nan inda aka bar shi. Amma a lokacin akwai kundin ɗalibai uku a hannuna, ɗaya har an sa mata ranar kare nata a gaban malamai. Wa zan gaya wa cewa a ƙa'ida bai kamata ya ɓace ba? Na kwafe komai a filash, na kuma tura wa kaina ukun nan ta imel.

Sai abu na biyu, wanda da ba a gaya mini ba har abada ba zan san da shi ba. Kwamfutar tawa tana cikin waɗanda ke kulle ma'ajinsu da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, ta yadda ko ɓarawo ya cire ma'ajin ba zai karanta komai ba. Abu ne mai kyau, sai dai in wani abu ya rikice wajen tashi, tana iya tsayawa ta ce sai an ba ta makullin ceto. Lamba 48 ce, an kasa ta gida takwas, kowane gida lamba shida. Tana ajiye a asusun, amma ƙanena ya ce in rubuta a takarda, don ranar da za a buƙace ta ita ce ranar da babu sabis. Na ɗauko littafin da nake rubuta bashin kwastomomi, na juya shafin ƙarshe, ina kallon waya ina rubutawa ina maimaitawa a fili. Uwargida ta leƙo daga tsakar gida.

"Malam, lambar asusun wa kake rubutawa haka ba ta ƙarewa?"

Na ce makullin kwamfuta ne. Ta ce to Allah Ya sa kada makullin ya fi ƙofar tsada.

Sha biyun dare na yi na danna. Aka nuna mini doguwar yarjejeniyar lasisi, na amince ba tare da na karanta ba, kamar kowa. Ɗakina sabis ba ya zama sai ta taga, saboda haka na jingina wayar a jikin ƙarfen taga, na tokare ta da robar man shafawa, na ja bargo na zauna. Lambar ta tsaya a sifiri har na ɗauka abin bai fara ba. Can ta yi tsalle zuwa 8. Sanyi na shigowa ta tagar da ba damar rufewa, ƙura na bin sa. Wanda bai taɓa zaman gadin lamba ba ba zai gane ba. Ba abin da kallonka zai ƙara mata, amma ka kasa ɗauke ido. In ta daɗe a wuri ɗaya sai ka tashi ka gyara wa waya zama, ka dawo ka tarar ta motsa da ɗaya, sai ka ɗauka aikinka ne. Gyangyaɗi ya kwashe ni wajen ƙarfe uku. Kiran assalatu ne ya tashe ni, na tarar datar dare ta ƙare, lamba ta tsaya cak a 61.

Na yi alwala zuciyata ba daɗi, don na sakankance gobe daga sifiri za a sake. Ashe a'a. Dare na biyu da na haɗa ta, sai ta ɗan yi nazari, ta ɗora daga kusan inda ta tsaya. Kafin ƙarfe biyu saukewa ta kammala. Da na duba lissafin wayata, dare biyun nan sun ci fiye da giga huɗu.

Bayan saukewa akwai wani zango da lamba ke sake farawa daga sifiri, ana shirya kaya a bayan fage. Wannan ba ya hana aiki, sai dai kwamfutar ta yi nauyi, fanka ta dinga huci. Na bar ta na kwanta. Da safe na tarar da maɓallin ƙarshe yana jirana: a kashe a sake kunnawa. Daga nan ne ainihin tiyatar ke farawa, kuma babu wuta tun daren jiya. Na ƙyale shi, na yi aikina a kan batir har ya yi ƙasa sosai.

Wajen ƙarfe uku na rana aka kawo wuta, yaran unguwa suka sa ihu. Na jona caja. Ƙanena ya riga ya ja mini kunne cewa in bari batir ya cika tukuna. Na duba, bai kai kashi 30 ba. Na ce a raina wutar da aka kawo yanzu ai ta yi awa biyu ko uku. Na danna.

Allo ya canza, rubutu ya fito cewa ana aiki, kada a kashe kwamfuta. Lamba ta hau a hankali har 30, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Gabana ya faɗi, amma sai tambarin kamfani ya bayyana, ta ci gaba. Ashe haka take yi, takan kashe kanta ta tashi fiye da sau ɗaya. Ina cikin sauke ajiyar zuciya sai fankar sama ta fara rage gudu. An ɗauke. Wutar ko minti arba'in ba ta yi ba.

Sauri ya haifi nawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, a wannan allon ba a ganin alamar batir. Ba ka san saura nawa ba, kuma furosesa na aiki iya ƙarfinsa, wato lokacin da ya fi shan caji ke nan. Na san Windows tana da dabarar komawa tsohon tsari in ɗori ya katse, amma ban shirya gwada wannan dabara a kan kuɗin adashina ba. Ba ni da janareta. Sai kunnena ya tsinto ƙarar na mai askin da ke tsallaken titi.

Rufe murfi ba zai yiwu ba, don ina tsoron ta yi barci a tsakiyar aiki. Haka na ɗauke ta a buɗe, a kan tafukan hannu biyu kamar mai tallan ƙwai, caja a rataye a wuya, silifas ɗaya nawa ɗaya na uwargida. Na tsaya a bakin titi ina jiran masu Adaidaita Sahu su ba ni hanya, ido ɗaya a kan titi ɗaya a kan lamba. Tana 47 na tsallaka.

"Malam, lafiya?" in ji mai aski, injin aski na kuka a hannunsa.

Na ce soket nake nema, rai a hannun Allah. Bai tambayi komai ba, ya zare wayar rediyonsa ya nuna mini. Na ɗan yi jim saboda wutar ƙaramin janareta ba ta da tabbas, sai na tuna a jikin cajar an rubuta tana ɗaukar daga 100 zuwa 240. Na yi bisimilla na jona. 'Yar fitilar gefe ta kama. Na zauna a kan benci, kwamfuta a cinya, guntun gashi na sauka a kan madannai ina hurewa.

Wani dattijo da ke jiran layi ya karkato ya daɗe yana kallon allon. "Ɗan nan, ita ma askin za a yi mata?"

Na ce, "Ana kan yi, Baba. Nata daga ciki ne."

Shago ya ɗauki dariya. Daga nan abin ya zama na kowa. Wani yaro ya ɗauki aikin sanarwa, in lamba ta motsa sai ya faɗa da ƙarfi. Ta daɗe a 75 har dattijon ya ce a yi mata addu'a. Ta sake kashe kanta, wanda ake yi wa aski ya juyo da rabin kai yana tambaya ko ta mutu ne. Ana kiran la'asar ta kai 100. Allo ya yi duhu, ta yi mini sallama da kalma ɗaya, ta ce in ɗan jira ana shirya mini abubuwa. Sannan sai ga wani shuɗin abu mai kama da furen da aka naɗe da yadi, ga gumakan manhajoji sun taru a tsakiyar layin ƙasa maimakon gefen hagu. Makullin nan mai lamba 48 ba a ko tambaye ni shi ba. Na miƙa wa mai aski kuɗin mai, ya ce in na sake sai mun ɓata.

Da na koma gida, ban fara da kallon kwalliya ba. Kundin ɗaliban nan na fara buɗewa, suna nan lafiya. Na duba lasisi, yana nan a raye, ba a nemi in shigar da wata lamba ba. Sai abin da ya fi damuna, wato madannan Hausa. Aikina ba ya yiwuwa ba tare da haruffa masu ƙugiya ba, kuma na sha ganin yadda rashinsu ke mayar da ƙasa ta zama kasa, ɓata ta zama bata. Na danna maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara, jerin ya fito, Hausa na nan. Na buɗe sabon shafi na rubuta ƙaiƙayi, ɗanɗano, ɓarɓashi. Duk ƙugiyoyin suka fito. A nan ne hankalina ya kwanta. Firinta ce kawai ta yi gardama, sai da na cire ta daga jerin na'urori na sake haɗawa sannan ta karɓi takarda.

Hannu yana da nasa sabo. Shekara da shekaru linzamina ya san hanyar kusurwar hagu ta ƙasa, yanzu in ya je sai ya tarar da fili. Kwana biyu na jure, a na uku na shiga saitin layin ƙasan na mayar da komai hagu, don an bar wannan zaɓin. Danna linzami ta dama ma ya canza. Kwafa da liƙawa da sauya suna sun koma ƙananan hotuna ba rubutu, sai na dinga tsayawa ina lalube kamar baƙo a kicin ɗin wani. Jan fayil a jefa shi kan manhajar da ke layin ƙasa kuwa babu shi a lokacin, sai a samfurin Satumba 2022 ya dawo.

Abin da ya saye ni ƙarami ne. In ka kai linzami kan maɓallin faɗaɗa taga ka ɗan tsaya, sai zanen gidaje ya fito, ka zaɓi yadda kake so a raba allo. Mai fassara kullum takarda biyu yake kallo. Turanci a hagu, Hausa a dama, ƙamus a ɗan lungu, duk da dannawa biyu ko uku. A Windows 10 ma ana iya raba allo, amma ban taɓa mayar da hankali ba sai da aka kawo mini shi gaban ido.

An ba mutum kwana goma ya canza shawara. A cikin kwanakin nan tsohon tsarin yana ajiye a wata jaka mai suna Windows.old, tana cin wuri mai yawa, kuma akwai maɓallin komawa a sashen Recovery. Na zagaye ranar a kalandar bango. Cikin kwana goman na kammala kundin yarinyar nan, na buga, ta kai, ba abin da ya cije. Na leƙa maɓallin sau biyu ban taɓa shi ba. Bayan wa'adin ya cika na sake leƙawa na tarar ya dusashe, ba ya dannuwa, wurin da jakar ta cinye kuma ya dawo.

Tsohuwar tana nan a kan Windows 10. Tun da tallafin yau da kullum da Microsoft ke ba Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, na raba ta da intanet gaba ɗaya, yara ke koyon buga rubutu a kanta in akwai wuta. Lambobin nan 48 suna nan a shafin ƙarshe na littafin bashi, ƙarƙashin sunan wani ɗalibi da har yau bai cika mini kuɗina ba. Aski kuwa na bar zuwa ko'ina sai tsallaken titi. Duk ranar da na zauna a kujerarsa, kafin ya ɗaura mini ƙyalle a wuya sai ya ce, "Malam, ya mai jiki?"